Ƙattin mutum-mutumi a bayan gari, rediyo ya gagara a gida: yadda ake gina irin wannan duniya ta tsaya da ƙafarta

Akwai wani reshe na ƙagaggun labarai da zane-zane da wasannin kwamfuta da ke ɗaukar tarihin ƙarni na 20 ya karkatar da shi. Shekarar na iya zama 1965 ko 1985, motoci da tufafi da fitilun titi duk na wancan zamani ne, amma a bayan gari ga injin ƙarfe mai ƙafafu, tsayinsa ya kai bene mai hawa shida, yana takawa. A cikin gidaje kuwa kaya sai raguwa suke yi. Tarho ya mutu ba a gyara ba, talabijin ta koma teburin ajiye tarkace, batir ya zama abin ɓoyewa.

Tushen wannan hoto yana cikin yadda mutanen da suka gabata suka hango gobe. A baje kolin duniya na New York a 1939, kamfanin Westinghouse ya nuna Elektro, mutum-mutumi mai tsayin mita 2 da 'yan kai, mai magana da kalmomi kusan 700 da aka naɗa a faifan garmaho. Masu kallo sun tafi gida da yaƙinin cewa ci gaba yana nufin inji ya ƙara girma da ƙarfi. Abin da ya faru daga baya akasin haka ne: injuna sun yi ta ƙanƙancewa har suka shige aljihu. Labaran da muke magana a kai suna tambayar yadda duniya za ta kasance da hasashen 1939 ne ya tabbata.

Yawancin masu gina irin wannan duniya suna ɗaukar ƙaton injin da gidan da babu rediyo a matsayin ado biyu da aka jera don su ba da sha'awa. A ganinmu abu ɗaya ne, kuma lissafi ɗaya ne ya haɗa su. Jan ƙarfen da ke cikin ƙafar injin shi ne wanda aka rasa a wayar tarho. Idan marubuci bai riƙe wannan ba, mai karatu zai ji akwai gyara ko da bai iya faɗin inda yake ba.

Inda tarihi ya rabu

Kowane irin wannan labari yana da mararraba, wato ranar da tarihinsa ya bar namu. Wadda aka fi zaɓa ita ce a ce ba a taɓa ƙirƙiro tiransisto ba, wato ɗan ƙaramin abin da ke ƙara ƙarfin sigina a cikin rediyo da kwamfuta. Dalilin a fili yake. Kafin John Bardeen da Walter Brattain su nuna shi a ɗakin binciken kamfanin tarho na Bell a Amurka a Disambar 1947, kusan duk na'urar da ke ƙara ƙarfin sigina ko ke yin lissafi da lantarki tana dogara ne da kwalbar lantarki, wani ƙwan gilashi da aka zuƙe wa iska, mai siririn zare a ciki da sai ya yi ja da zafi kafin ya yi aiki. Kwamfutar ENIAC ta 1945 tana da irin waɗannan kwalabe 17,468, nauyinta kusan tan 27, tana shan wuta kilowat 150. A cire tiransisto, kwamfuta ta zauna a girman ɗaki, kuma duk hazaƙar injiniyoyi ta koma kan ƙarfe da mai da giyar inji.

Sai dai kashe tiransisto ba shi da sauƙi kamar yadda ake zato. Julius Lilienfeld ya nemi rajistar wata dabara mai kama da shi tun 1925. A 1948 kuma, Herbert Mataré da Heinrich Welker sun ƙera nasu a kusa da Paris ba tare da sun kwaikwayi na Amurka ba. Aikin rada na Yaƙin Duniya na Biyu ya riga ya koya wa ƙasashe da dama tace jamaniyom da silikon, sinadaran da ake yin tiransisto da su. Marubucin da ya ƙone ɗakin bincike ɗaya ya jinkirta abin ne da shekara biyu ko uku kawai.

Mararrabar da ta fi tsayawa ta siyasa ce. A zahiri an sanar da duniya labarin tiransisto a tsakiyar 1948, a 1952 Bell ya fara sayar da lasisin ƙera shi a kan dala 25,000, kuma cikin waɗanda suka saya daga baya har da ƙaramin kamfanin Japan da ya zama Sony. A 1954 rediyon aljihu na farko, Regency TR-1, ya shiga kasuwa. To a ce sojoji sun rufe abin a matsayin sirrin ƙasa, kamar yadda aka yi wa ilimin bam ɗin nukiliya. Tiransisto yana nan, amma ana yin 'yan dubbai ne a shekara, da tsada, don makamai masu linzami kaɗai. Babu kasuwar farar hula da za ta karya farashinsa, babu gasar da za ta kai ga haɗa dubban tiransisto a kan ɗan gutsuren silikon ko jamaniyom ɗaya kamar yadda Jack Kilby da Robert Noyce suka fara a 1958 da 1959. Wannan mararraba tana ba da abu biyu a lokaci guda: gwamnati mai riƙe da fasaha a hannunta, da gidajen da aka hana.

Jikin injin

A nan lissafi yake fara cizo. Galileo ya rubuta ƙa'idar tun 1638: idan aka ninka tsayin abu sau 10 ba tare da sauya siffarsa ba, kaurin ginshiƙansa yana ninkuwa sau 100, nauyinsa kuwa sau 1,000. A ɗauki mutum mai tsayin mita 1.8 da nauyin kilo 80, a mai da shi mita 18. Nauyi ya zama tan 80, kuma kowane santimita na ƙafarsa yana ɗauke da ninki 10 na abin da yake ɗauka a da.

Mutane sukan tsaya a nan su ce ƙafafun za su karye. Ba za su karye ba. Ƙarfe ya fi ƙashi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma bututun ƙarfe mai kauri zai ɗauki tan 80 cikin sauƙi. Matsalar tana ƙarƙashin tafin ƙafa. Tafin mutum bai wuce santimita murabba'i 200 ba, na injin zai zama mita murabba'i 2. Duk mai tafiya da ƙafa biyu yana ɗora nauyinsa gaba ɗaya a kan ƙafa ɗaya a kowane taku, ke nan kilo 4 a kan kowane santimita murabba'i. Tankar yaƙi, da duk nauyinta, tana danna ƙasa da kusan kilo 1 kacal, saboda sarƙarta ta baza nauyin. Laka da jiƙaƙƙiyar ƙasar noma ba sa ɗaukar kilo 4, kwalta kuwa za ta dare a kan bututun ruwa da magudanan da ke ƙarƙashinta.

Ba a ma sa masa sulke ba tukuna. Fatar mutum kusan mita murabba'i 1.9 ce, ta injin 190. A lulluɓe wannan da ƙarfe mai kaurin santimita 5, kusan kaurin gaban tankar T-34 ta Tarayyar Sobiyet, an ƙara tan 75. Yanzu injin ya kai tan 155, kuma don ya taka ƙasa da laushin tanka sai kowace ƙafa ta zama mita 4 a tsaye mita 4 a kwance. Ƙafafu biyu masu wannan faɗi ba za su iya gifta juna ba.

Injunan gaske masu nauyi sun bi ta wata hanya. Bagger 288, injin haƙar gawayi da Krupp ya gama a Jamus a 1978, nauyinsa tan 13,500, amma yana kan sarƙoƙi 12, yana danna ƙasa da kilo 1.7 kacal, kuma gudunsa bai wuce mita 10 a minti ba. Big Muskie, wani injin haƙa da ya yi aiki a jihar Ohio daga 1969 zuwa 1991, yana takawa da gaske, sai dai takun nasa shi ne ya ɗaga jiki a kan manyan takalma ya ja shi gaba ya sake zama a kan faffaɗan gindinsa. Dukansu biyu ta kebul ake ba su wuta, babu mai ɗauke da makamashinsa. Waɗanda suka yi watsi da batun ƙasa sun sha kunya. Tankar Lebedenko ta Rasha mai ƙafafun gaba irin na keke masu tsayin mita 9 ta kafe a gwajinta na 1915 aka bar ta a wurin. Maus ta Jamus mai tan 188 ta fi ƙarfin gadojin da ya kamata ta bi. Ko mutum-mutumin nan mai mita 18 da aka nuna a Yokohama daga 2020 zuwa 2024, mai nauyin tan 25, wani ginshiƙi ne ya riƙe shi ta ƙugu, ƙafafunsa ba su ɗauke shi ba.

Saboda haka injin da zai gamsar a labari ya fi kyau ya zama mai ƙafa huɗu ko shida, gajere, mai faɗin tafi, da ayarin masu auna ƙasa da ke tafiya gabansa suna kafa tuta a inda zai taka. Wannan ayari kaɗai ya ishi marubuci babi guda.

Sai abin da ke motsa gaɓoɓin. A fasahar tsakiyar ƙarni na 20 amsar ɗaya ce, haidirolik, wato famfo ya tura mai da matsi cikin silinda ya tunkuɗa fistin. A ɗauki gwiwa ɗaya ɗauke da tan 80, ta lanƙwashe har nauyin ya kauce mata da mita 1.5, silindar kuma tana ja daga rabin mita. Dole ta tura da ƙarfin tan 240. A matsin kilo 300 kan santimita murabba'i, wanda injunan gini na yau ke aiki da shi, faɗin fistin zai kai santimita 32. A matsin kilo 210 na jiragen saman shekarun 1950 zai kai 38. Wannan mai yiwuwa ne. Amma don gwiwar ta miƙe cikin daƙiƙa ɗaya ana bukatar mai lita 40 a daƙiƙar, kuma ƙarfin da hakan ke ci ya kusa megawat 1.2, ya ɗara abin da injin tankar Abrams mai ƙarfin doki 1,500 ke bayarwa gaba ɗayansa. Gaɓa ɗaya ke nan, ga ƙugu ga idon sawu suna jira.

Abin da ke kashe irin wannan inji a aikace shi ne zafi. Ana sarrafa haidirolik ne ta hanyar matse man a bawul, kuma duk ƙarfin da aka matse zafi yake komawa. A ce megawat 1 ne ke zubewa haka cikin tankin mai na lita 2,000. Man zai ƙara zafi da kusan digiri 18 a kowane minti. Da ya haura digiri 80, man ya tsinke, robobin da ke toshe yoyo su fara taurarewa suna tsagewa, matsi ya faɗi, ƙafa ta saki. Ke nan bayan injin dole ya cika da lagireto da fanka, kuma nan ne wurin da maƙiyi zai nufa, tun da ba a iya rufe lagireto da sulke. Man dizal kuma, injin da ke ba da megawat 3 yana shan kusan lita 750 a awa.

Masu son kauce wa wannan sukan ce nukiliya ce ke tuƙa shi. An gwada tunanin a jirgin sama. NB-36H na Amurka ya yi shawagi ɗauke da tukunyar nukiliya mai aiki daga 1955 zuwa 1957, kuma ɗakin matuƙansa mai garkuwar dalma da roba ya kai tan 11. An soke shirin a 1961. Garkuwa ba ta ƙanƙancewa don an so, kuma tukunyar tana ƙara zafin da za a zubar ne a kan wanda ake fama da shi.

Wa ke riƙe shi kada ya faɗi

Girma yana da fa'ida ɗaya. Dogon abu a hankali yake faɗuwa, injin da ya ninka mutum sau 10 yana da lokacin gyara tsayuwa da ya ninka na mutum sau 3 da ɗan ɗori. Wannan ya sa na'urorin da za a iya samu ba tare da kwamfutar zamani ba suna iya wadatarwa. Lawrence Sperry ya nuna jirgin sama mai daidaita kansa da jairoskof, faifai mai juyawa da sauri da ke nuna karkata, a Paris tun 1914. Rokar V-2 ta Jamus tana da na'urar lissafi ta kwalabe da ke gyara mata hanya. Bawul ɗin da ƙaramin siginar lantarki ke juya babban matsin mai da shi ya samu a farkon shekarun 1950 ta hannun William Moog. Kayan haɗin suna nan.

Amma idan ya faɗi, kansa yana isa ƙasa da gudun da ya haura kilomita 60 a awa. Duk labarin da ya zaunar da matuƙi a cikin kai ya kashe shi a faɗuwar farko. Wurin zamansa ƙugu ne, kuma ko a can kowane taku yana ɗaga shi ya sauke da kusan rabin mita, lilo mai kama da na jirgin ruwa.

General Electric ya gwada mafi sauƙin hanya a shekarun 1960 da motarsa mai ƙafa huɗu, wadda Ralph Mosher ya jagoranta, mai nauyin kilo 1,400. Mutum ne ƙwaƙwalwarta: hannayensa suna tuƙa ƙafafun gaba, ƙafafunsa na baya, kuma injin yana mayar masa da jin abin da ya taka. Ta yi aiki, tana ture ƙaramar mota, tana hawa tarin katako. Sai dai matuƙin yana galabaita cikin ɗan lokaci, saboda kowane taku sai ya yi tunaninsa. Duniyar da ta bi wannan hanya za ta bukaci matuƙa da yawa ga kowane inji, ana musanya su kamar masu gadi, da asibitocin da ke karɓar waɗanda aikin ya gama da su.

Idan kuwa kwalabe ne za su ɗauki nauyin daidaitawa, sai a yi wani lissafin. A ce injin yana da kwalba 5,000, kowace tana rayuwa awa 10,000 a matsakaici. Ɗaya za ta mutu a duk awa biyu. Masu kula da ENIAC sun rage mutuwar zuwa kusan ɗaya a kwana biyu ta hanyar ba kwalaben wuta ƙasa da ƙimarsu da kuma daina kashe na'urar, domin lokacin kunnawa ne zaren ya fi tsinkewa. Ke nan ƙaton injin ba a kashe shi ko yana hutawa, yana nan jone da janareta dare da rana. Girgiza ma tana sa kwalba ta ba da siginar ƙarya, don haka akwatunan suna rataye a kan sifirin, kuma kowace da'ira mai muhimmanci ana yin ta uku don biyu su rinjayi wadda ta lalace. Kwalba mai jure duka ba tatsuniya ba ce, an sa ƙanana a cikin harsashin igwa a Yaƙin Duniya na Biyu sun jure harbi, kuma lokacin da Viktor Belenko ya sauka da jirgin yaƙin Sobiyet MiG-25 a Hakodate ta Japan a 1976, an tarar da kwalabe a na'urorinsa.

Dalilin gina shi

A fagen yaƙi tanka ta fi shi ta kowace fuska. Abu mai tsayin mita 18 ana hango shi daga kusan kilomita 15 a fili, tanka kuwa tana ɓuya bayan tudu. Dole labarin ya kawo dalilin da ya fi yaƙi ƙarfi, kuma wanda ya fi dacewa shi ne ƙasar da tururin nukiliya ya gurɓata. A Chernobyl, inda tukunyar tashar nukiliya ta fashe a 1986, na'urorin da aka tura rufin ginin sun yi ta mutuwa saboda tururin ya lalata lantarkinsu, aka koma tura mutane da shebur. Kwalba ta fi tiransisto jure irin wannan. Tsayi yana nisanta matuƙi da gurɓatacciyar ƙasa, ƙafa tana tsallake kangon da sarƙa ba ta hawa. An ma taɓa gina kakansa: Beetle, injin tan 77 mai hannaye biyu da ɗakin dalma, da aka yi wa sojojin saman Amurka a farkon shekarun 1960 don hidimar injunan nukiliya, ko da yake shi a kan sarƙa yake. Da zarar ma'aikata da masana'antu da manyan hafsoshi sun rayu a kan shirin, zai ci gaba ko bayan dalilin farko ya gushe.

Yadda kaya ke ɓacewa

Dole a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai abin da bai taɓa zuwa ba, akwai wanda aka saba da shi ya tafi. Rediyon aljihu, na'urar bugun zuciya da ake dasawa a jiki wadda aka fara a Suwidin a 1958, agogon hannu na dijital, wayar hannu, duk waɗannan ba su zo ba, kuma mutanen labarin ba za su yi kewarsu ba tun da ba su san su ba. Mutumin labari da ke kukan rashin wayar hannu a duniyar da ba a taɓa yin ta ba kuskure ne babba. Zafin labarin yana cikin kashi na biyu.

Shi ma ba sai an ƙirƙira ba, tarihi ya nuna tsarinsa. Amurka ta dakatar da ƙera motocin farar hula a Fabrairun 1942, rediyon gida ya bi baya a Afrilu. A 1943 ta buga kwabonta da baƙin ƙarfe don ta tanadi jan ƙarfe. Da Japan ta kama yankunan roba na kudu maso gabashin Asiya, aka ƙayyade gudun mota zuwa mil 35 a awa don taya ta daɗe. BBC ta rufe talabijin daga 1 ga Satumban 1939 har zuwa Yunin 1946. Tarayyar Sobiyet ta umarci jama'a su miƙa rediyoyinsu a Yunin 1941. Jamus, mai harba roka da jirgin jet, da dawakai take jan yawancin kayan sojanta, tana sauke ƙararrawar coci tana narkarwa, man rokar V-2 kuma daga dankali ake tatso shi.

Ƙaton injin yana cin daidai abubuwan da gida ke bukata. Jan ƙarfe na janareta da waya, roba ta tiyo da abin toshe yoyo, boris na kowace gaɓa, tangistin da nikel na cikin kwalabe da bakin injin yankan ƙarfe, gilashi, da dalma. Boris kaɗai ya isa misali: saboda muhimmancinsa ne jiragen Amurka suka kai wa masana'antun boris na Schweinfurt a Jamus hari sau biyu a 1943. Babu boris, babu fanka, babu famfon ruwa, babu keke.

Ɓacewar tana da jeri, kuma bin jerin ne ke sa mai karatu ya yarda. Sabon kaya ne ke fara yankewa, mutane ba su damu sosai ba, na hannu yana aiki. Sai abubuwan da ke ƙarewa: batir, ƙwan fitila, taya, kwalbar rediyo, allurar garmaho. Rediyon kwalba na tafi-da-gidanka yana bukatar batir biyu, ɗaya na zafafa zare, ɗaya mai ƙarfin bolt 67 ko 90, kuma na biyun ne ke fara gagara. Daga nan a shiga zamanin farke ɗaya a gyara ɗaya, rediyo uku su zama biyu, biyu su zama ɗaya. A wannan mataki mai gyara ya fi mai kuɗi daraja, kuma shi ne gwamnati za ta kwashe zuwa sansanin injuna, domin hannun da ya iya gyaran rediyo shi ne ya iya akwatin daidaita ƙafa.

Abubuwan da ke aiki ta hanyar haɗaka ba a hankali suke mutuwa ba. Tarho yana da amfani ne gwargwadon yawan waɗanda za ka iya kira. Idan rabin layuka suka mutu, sauran masu biya su janye, kuɗin gyara ya kasa, a wayi gari an rufe ofishin gaba ɗaya, sannan a zo a kwashe wayoyin a kai masana'anta. Haka ya faru ga fasahohi masu lafiya ma. Kamfanin da ke raba matsin ruwa ta bututu a ƙarƙashin Landan don tuƙa lif da injunan ɗaga kaya ya yi aiki daga 1883 ya rufe a 1977. Wasiƙun da ake harbawa ta bututun iska a Paris sun tsaya a 1984. Fim ɗin ɗaukar hoto na Kodachrome ya zama banza a hannun masu shi da ɗakin wankinsa na ƙarshe a jihar Kansas ya daina karɓa a ƙarshen 2010.

Na ƙarshe shi ne sani. Zane yana nan a takarda, amma yadda ake riƙe wutar walda, da yadda ake gane gilashi ya nuna, suna hannun mutane ne. Amurka da kanta ta sha wahalar sake yin wani sinadarin makamanta na nukiliya mai suna Fogbank a shekarun 2000, bayan an rufe masana'antar kuma ma'aikatan sun watse. Idan hakan zai faru ga abin da gwamnati ke tsaro, to ilimin yin firji ko injin wanki zai tafi ba wanda ya lura.

Wurin da kaya suka bari ba ya zama fanko, kuma nan ne marubuta da yawa ke yin rowa. Turai ta yaƙi ta cika da motoci masu tukunyar itace a baya, suna tafiya da hayaƙin gawayi, ƙarfinsu ya ragu, sai an jira wuta ta kama kafin a tashi, sai an kwashe toka an wanke matatar hayaƙin. Rediyon kiristal yana dawowa, tun da ba ya bukatar batir, waya ce doguwa da naɗin jan ƙarfe da abin sawa a kunne. Gwamnati kuma za ta fi son lasifikar da ake jona wa gidaje ta waya, mai tasha ɗaya, irin wadda ta yaɗu a Tarayyar Sobiyet, saboda tana da arha kuma ba ta kama muryar waje. Keke, doki, agogon da ake murɗawa da hannu, injin buga rubutu, takardar kabon, duk suna samun sabon rai.

Akwai kuma abin da ya kamata mai ginin ya yanke tun farko, wato shekara ta nawa ce bayan mararraba. Masana'antar soja ba ta rayuwa ita kaɗai. Makanikanta a garejin farar hula suka koyi aiki, arhar kayanta daga yawan cinikin gida take zuwa. A namu tarihin, shirin Apollo na zuwa wata da makami mai linzami na Minuteman ne suka sayi yawancin gutsattsarin lantarki na farko, amma kalkuleta da rediyo da kwamfutar ofis ne suka mai da su abin da ake yi da miliyoyi. Ƙasar da ta cinye gidajenta don ta ciyar da injuna za ta ga ƙarancin ya dawo kan injunan. A shekara ta 10 rundunar tana sheƙi, ana fareti da ita. A ta 20 an daina gina sababbi, ana kwance ɗaya a tayar da biyu, kuma matasan da ake ɗauka aiki ba su taɓa buɗe bayan rediyo ba, sai an fara koya musu daga riƙe abin narka dalma. A ta 30, cikin injuna 100 da ke rubuce a takarda watakila 15 ne ke iya tashi, sauran suna tsaye a sansani ana ciro musu boris da tiyo, kuma kwalaben da ake sa wa masu tafiyar daga tsofaffin rediyoyin da aka ƙwace a gidaje ake zaro su.